Ɗumin Amfilifayar Lawali

An ɗauke wuta bayan isha'i, muka baje tabarma a tsakar gida. Ƙanena Ilu yana ta cika baki, wai masu kiɗa sun ɗauke shi, nan da shekara zai fi kowa iya jita a garin nan. Yaya Tasalla, 'yar wan babanmu, tana ɓarar gyaɗa tana jin sa. Can ta ture farantin gefe, ta ce mu matso kusa, ni Habsi da Ilu. Ga abin da ta gaya mana.

Ilu, rufe bakin nan haka. Kai da ko tsirkiya ba ka iya ɗaurewa ba. Habsi, rage fitilar nan, tana kashe min ido.

Kun san Lawali, ƙanen mijina. Ku da furfura kuka san shi. A da, daga Maigatari har ƙauyukan bakin iyaka, in aka yi biki Lawali bai kaɗa jita ba, amarya gani take ba a yi mata komai ba. Wurin Buzaye ya koyo, can arewa. Da zai dawo ya taho da amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita.

Ba irin ta yanzu ba ce, da za ka latsa ta amsa nan take. Wani tsohon mai gyaran rediyo ne a Damagaram ya haɗa masa ita, ƙirar mutanen da. Akwatin katako, gaba an rufe da yadi, baya a buɗe. In ka leƙa ta bayan za ka ga kwalabe a tsaye, manya da ƙanana, kamar ƙwan lantarki. In an kunna ta ba ta cewa komai. Sai ka jira. Kwalaben su yi ja a hankali, ɗumi ya fara fitowa, sannan ta yi gyaran murya. Shi ya sa Lawali ya sa mata suna Gwaggo. Ya ce ba a tashinta da gaggawa.

Amma fa akwai murya. Ni kiɗa bai dame ni ba, kun sani. To in Gwaggo ta ɗauka, a ƙirjina nake jin ta.

Tsohon ya kafa masa sharaɗi. In ka gama kiɗa, ka kashe ta, ka bar bayanta a buɗe har ta huce da kanta. Kada ka rufe ta da zafi, kada ka ɗaga ta da zafi. Lawali ya ɗauka don kar gilashi ya fashe ne. Wataƙila ma abin da tsohon yake nufi ke nan. Allah ne masani.

Aibin Lawali ɗaya ne, zargi. In ka yaba Gwaggo, ya ce da wata a ranka. In ka yi shiru, ya ce hassada ce ta hana ka magana. Ya sa baduku ya ɗinka mata rigar fata mai zif, ya sayo kwaɗo ya maƙala. A ƙarƙashin gado take kwana. Ni nan na taɓa goge mata jiki da tsumma, don Allah da Annabi, ya wuni yana kallona ta wutsiyar ido. Haushi ya ishe ni, na ce masa in na sace ta tuwo zan tuƙa a ciki?

Gida ɗaya muke a lokacin, sashenmu da nasu katanga ce tsakani. Matarsa Barira, yarinya mai haƙuri. Suna da 'ya ɗaya, Ladidi, ta fara rarrafe. Bakin yarinyar nan ba ya hutawa. In ba kuka ba, gwaranci. In ta tsala ihu har maƙwabta sai sun leƙo.

To, da damina aka kira su biki ƙauyen Gidan Baushe. Shi da abokinsa Tanimu, mai buga masa ganga. Abin da ya faru a can daga bakin Lawali na ji shi, daga baya, bayan ya sauko.

Filin da aka ba su a bayan gari yake, gefen wata tsohuwar marina. Rijiyoyin rini ne da aka daina aiki da su tun zamanin kakanni, ciyawa ta rufe bakinsu. Nan aka ajiye janareto, nan aka ajiye Gwaggo, bayanta yana kallon rijiyoyin. Da la'asar suka fara. Ana yayyafi sama-sama, iska mai sanyi tana kaɗawa. Ya ce ranar Gwaggo ta yi daɗin da ba ta taɓa yi ba. Muryarta ta yi kauri, kamar an cusa mata wani abu mai laushi a ciki.

Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Mutane suka watse. Lawali ya kashe ta, ya jawo rigar fata.

Tanimu ya ce, "Bar ta ta huce mana."

"Ruwa zai sauko."

"Mu ja ta ƙarƙashin rumfar can. Mu kwana, da safe mu tafi."

Lawali ya dube shi. Tun ɗazu ya ga Tanimu yana ƙus-ƙus da wasu samari biyu. Ashe hanyar masallaci yake tambaya. Amma shi a ransa ya riga ya gama lissafi, cewa so ake ya yi barci a wayi gari babu Gwaggo.

Ya ce, "Kai ka kwana."

Ya zura mata riga da zafinta. Ya ja zif. Ya danna kwaɗo. Da ya ɗaga ta sai ya ji ta ƙara nauyi kaɗan. Ya ce gajiya ce. Ya ɗaure ta a bayan babur, ya yanki burtali shi kaɗai, don ta nan ya fi kusa.

Rana ba ta faɗi ba tukuna, amma gari ya yi duhu-duhu. Gero ya yi tsayi dama da hagu. Ruwa ya fara sauka. Can gabansa sai ga mace a tsaye a tsakiyar hanya.

Ya rage gudu. Doguwa ce, da baƙin zane irin na rini. Hannuwanta shuni har gwiwar hannu. Ruwa yana dukan ƙasa, yana dukan gero, yana dukansa. Zanenta a bushe.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba ni hanya."

Bakinta ya motsa. Bai ji komai ba. Sai da ta rufe bakin, sannan maganar ta iso.

"Buɗe akwatin nan."

"Me?"

Bakin ya sake motsi. Shiru. Sannan muryar.

"Akwai nawa a ciki."

Habsi, sakar min zane, ba inda zan je.

Kun san abin da wawan nan ya yi tunani? Ya ce 'yan fashi ne suka turo ta. Ya ce suna cikin geron nan a kwance, yana sauka su far masa. Ya ce Tanimu ne ya kwatanta musu hanya. Duk abin da idonsa ya gani, bushewar zane, makarar murya, bai sa su a ma'auni ba. Ya murɗa babur ya ratse ta gefenta.

Ya yi tafiya mai nisa. Ya sha kwana. Ga ta a gaba, a tsaye, kamar tun safe take wurin.

Wannan karon bai rage gudu ba. Yana wuce ta ya ga bakinta ya motsa. Sai da ya yi nisa maganar ta same shi, daidai kunnensa, kamar tana zaune a bayansa.

"To riƙe nawa, in riƙe naka."

Daga nan kuma abin da idona ya gani ne.

Ina ɗaki ina kaɗa miya sai Barira ta shigo da Ladidi a hannu. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Yaya, duba min yarinyar nan."

Na duba. Ladidi tana kuka. Baki a wangame, fuska ta yi ja, hawaye sharɓe-sharɓe, ƙirji yana hawa yana sauka. Babu sauti. Ko ɗan ƙis. Na kara kunnena a bakinta, iska kawai ke fita. 

Barira ta ce, "Tana cikin gwarancinta, kawai na ji ɗif."

Muna haka Lawali ya shigo a jiƙe. Kafin ya dubi kowa sai da ya tura Gwaggo ƙarƙashin gado. Sannan ya karɓi 'yarsa. Ya dube ta, ya dube mu.  Amma bai ce uffan a kan matar burtali ba.

Washegari aka kai ta asibiti. Aka haska maƙogwaro, aka duba kunne, aka ce lafiyarta ƙalau. Aka dawo aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Shiru. Yaro da kuka yake neman nono, da kuka yake cewa ga inda ke ciwo. Ladidi sai ta farka ta yi ta kukanta ba wanda ya sani. Barira ta daina barci, ta zauna tana gadin bakin 'yarta. Yarinya ta fara ƙin abinci. Wuyanta ya fara tsawo.

Shi kuwa uban sai rabon laifi. Ya ce maƙwabciya ce ta yi mata baki. Ya ce mai nonon da ke shigowa ce, idonta ba shi da kyau. Da Tanimu ya zo dubiya, a ƙofar gida, gaban mutane, Lawali ya ce masa ya je ya kwance abin da ya ɗaura.  Tanimu ya sa takalminsa ya tafi. Ni da nake leƙe ta zaure, kunya ta kama ni kamar ni na faɗa.

Ni dai ina lura. In aka ajiye Ladidi a ƙasa, ƙarƙashin gado take nufa. Ta rarrafa, ta jingina kumatu da rigar fatar nan, ta yi lamo. Rannan na sunkuya zan ɗauko ta, hannuna ya taɓa fatar. Ɗumi. Kwana da kwanaki ba a kunna abin nan ba. Ɗumi kamar an ɗaga kaza daga kan ƙwai.

Da azahar ce, akwai wuta ranar. Na same shi a tsakar gida ya haɗa kai da gwiwa.

Na ce, "Lawali, me ka ɗauko a Gidan Baushe?"

"Kamar yaya?"

"Fito da akwatin nan ka buɗe."

Ya ɗago ya dube ni. Wallahi irin kallon da ya yi wa Tanimu. Ya ce, "Ke ma, Yaya?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni ma. 'Yarka tana ƙarewa kana gadin katako. Ka buɗe, ko in sa taɓarya in buɗe maka."

Ya san zan aikata. Ya jawo Gwaggo zaure, inda soket yake. Ya buɗe kwaɗo, ya zare rigar. Muka leƙa ta baya. Kwalabe ne kawai da wayoyi. Sai dai a ƙasan akwatin ƙura ta kwanta ko'ina, ban da wuri ɗaya, ɗan zagaye, kamar inda mage ta kwana.

Ya ce, "Kin gani? Ba komai."

"Kunna."

Ya jona, ya ɗaga makunni. Ya soka wayar jita a jikinta, ɗaya bakin wayar yana hannunsa, bai haɗa da jitar ba. Muka jira. Kwalaben suka fara ja. Ta yi ɗan gurnaninta na kullum.

Sai kuka ya fito ta lasifika.

Siriri, a gajiye. Kukan jariri ne, amma ba ya tsayawa ya ja numfashi. Tafiya kawai yake yi.

Barira tana bakin ƙofar cikin gida da Ladidi a kafaɗa. Ta ce, "Innalillahi."

Lawali ya ce, "Rediyo ce. Takan kamo tasha wani lokaci." 

Sai aka amsa daga waje. Wani kukan, a bayan katanga. Wannan kam na san shi, ko cikin barci aka tashe ni na san shi. Kukan Ladidi ne. Ga Ladidi a kafaɗar uwarta, bakinta a rufe. Ga muryarta a waje, tana bin katanga, tana matsowa ƙofa.

Ilu, ina bakin? Ka yi shiru.

Kukan ya zo daidai ƙofar zaure ya tsaya. Ga matar burtalin. Rana tsaka, ba ta da inuwa a ƙasa. Baƙin zane, hannu shuni. Ta dunƙule hannun hagu a ƙirji, kamar mai riƙe da ɗan tsako. Daga cikin hannun kukan yake fita. Ba ta tako dokin ƙofa ba.

Kun zaci a nan zai sallama? Ba ku san Lawali ba. Ya ce, "Wa ya turo ki? Tanimu ne? Rikoda kika ɓoye a hannu?"

 Idonta yana kan akwatin.

To akwai abin da duk mai jita ya sani. In amfilifaya tana kunne, ka taɓa bakin waya da yatsa, sai ta yi ƙugi, zuuu. Haka suke gwada ko tana aiki. Jikin kowane ɗan Adam yana sa ta wannan ƙugin, babba ko yaro. Lawali ya miƙo min bakin wayar. Ya ce, "Taɓa, Yaya." Na taɓa. Zuuu. Ya taɓa da nasa yatsan. Zuuu. Sai ya miƙa wayar waje.

"Ke ma taɓa."

Ta ɗora yatsa.

Babu ƙugi. Gurnanin da ke ciki ma ya ɗauke. Kukan lasifika ya tsaya cak, sai wani ɗan sauti, irin na yaron da ya ji ƙamshin uwarsa. Jan kwalaben ya koma shuɗi.

Wayar ta faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa a wurin. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Ban sani ba. Ɗauki abinki."

Bakinta ya motsa. Muka jira maganar ta iso.

"Sanyi ya ji, ya shiga. Ka rufe shi da ƙarfe. Yanzu ya tsorata, ba zai fito a gidan mutane ba."

"To yaya zan yi?"

"Mai da shi inda ka ɗauke shi. Ka ɗumama masa. Ka yi masa kiɗa ya saki jiki. Ka kashe, ka bar akwatin a buɗe, ka tafi gida."

"In bar ta a daji?"

Na kai masa duka a kafaɗa. Wallahi sai da na kai.

Matar ta ce, "Ka bar ta yadda take. Kada ka rage komai. Yadda ka cika min, haka zan cika maka."

Na ƙifta ido, babu kowa a ƙofa. Sai akuyar maƙwabta tana cin bawon rake.

A marina babu wuta, sai da janareto. Babur ɗaya ba zai ɗauki janareto da Gwaggo ba. Mutum ɗaya ne kuma zai yarda ya bi shi irin wannan tafiya. Lawali ya je gidan Tanimu da ƙafarsa, ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Tanimu ya saurare shi har ya gama. Ya ce, "Don yarinyar zan je, ba don kai ba." Ya shiga ya fito da babur.

Suka isa da la'asar. Suka ajiye ta daidai inda take ranar biki, bayanta yana kallon rijiyoyin. Aka tada janareto. Kwalabe suka yi ja, kukan ya dawo. Tanimu ya ji shi, ya ja da baya yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Matar kuwa Lawali kaɗai ke ganin ta. Tana zaune a bakin wata rijiya, ta ba su baya.

Ya ɗauki jita. Ya ce bai san me zai kaɗa ba, sai ya kama waƙar da Barira ke yi wa Ladidi in tana lallashinta. A hankali, tsirkiya ɗaya-ɗaya. Kukan ya fara raguwa. Ya koma shessheƙa. Ya koma numfashi. Lawali ya sauke makunni.

Tanimu ya ɗaure janareto, ya hau babur, ya ce, "Taho mu tafi." Ya yi gaba.

Saura Lawali. Ya rataya jita. Ya taka ya bar wurin. Sai ya ɗaga kai, ya hango wani mutum can cikin gona, ya dogara da fartanya yana kallonsu. Manomi ne kawai, kiɗa ya ji ya tsaya. Amma zuciyar nan ta Lawali ta motsa. Ta ce masa, kana juya baya zai zo ya ɗauke.

Masu irin wannan amfilifaya suna da wata dabara. In za su bar ta a inda ba su yarda da shi ba, sai su zare kwalba ɗaya su sa a aljihu. Ko ɓarawo ya ɗauka ba za ta yi masa magana ba, dole ya yar ko ya kawo gyara a gane shi. Lawali ya ce a ransa, ai ba akwatin zan ɗauka ba. Ƙaramar ciki kawai. Gobe in mayar.

Ya koma da sanɗa. Ya naɗe hannu da bakin riga, don da zafi. Ya zura ta baya, ya kama 'yar ƙaramar, ya girgiza, ya zare.

Ya ce ya ji wani abu mai laushi ya zabura a gefen hannunsa. Ya ji ɗan ƙaramin kuka, sau ɗaya. Matar ta juyo da kanta ta dube shi.  Ya jefa kwalbar a aljihu ya ruga wurin babur.

Mu muna gida ba mu san wannan ba. Ina zaune da Barira, Ladidi tana kan cinyata, ta yi laushi. Ana gab da kiran magariba sai ta yi atishawa. Da sauti. Muka dubi juna. Ta ja numfashi, ta tsala ihun nan nata da muka yi kewa. Barira ta faɗi ta yi sujada a kan turɓaya. Ni kuka nake ina dariya. Maƙwabta suka cika gidan, har wadda aka ce ta yi mata baki, ita ta fi kowa murna.

Muna cikin haka Lawali ya shigo. Barira ta tare shi da yarinyar, ta ɗaga ta daidai fuskarsa. Ladidi tana ta zuba, tana miƙa masa hannu, tana ba-ba-ba.

Ya dube ta. Ya dubi Barira. Ya ce, "Har yanzu?"

Barira ta ce, "Har yanzu me, Baban Ladidi?"

"Har yanzu ba ta yi ba?"

Gidan ya yi tsit, sai muryar yarinyar. Na ce, "Lawali, ba ka ji?"

Ya ce, "Ina jin ki. Ina jin awarwaron Barira. Ina jin ladan." Ya kara kunnensa a bakin 'yarsa. Tana ihu har ni da ke nesa kunnena yana zafi. Ya ɗago. Ya sa hannu a aljihu a hankali, ya fito da kwalbar, ya tsaya yana kallon ta.

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Gari na wayewa ya koma. Gwaggo tana nan inda ya bar ta, ta huce, raɓa ta sauka a kanta. Ba wanda ya taɓa. Manomin nan ma ashe shi ya kakkafa ƙaya a kewaye don kar awaki su hau. Lawali ya mayar da kwalbar. Ya sa aka kawo janareto, ya kunna, ya yi kiɗa, ya yi roƙo, ya yi kuka a bakin rijiyoyin nan. Ba wanda ya fito. Ya koma ya sake komawa, damina da rani, har mutanen Gidan Baushe suka saba da ganin sa. Daga baya aka cike marinar aka yi gona a wurin.

Kunnensa garau yake har gobe. Yana jin faɗuwar allura. Muryar Ladidi ce kaɗai ba ta isa gare shi. An gwada ta waya, an gwada ɗauka a kaset, an sa ta yi magana ta cikin Gwaggon kanta. Kowa ya ji, shi sai motsin baki.

Ranar saukar karatunta ina wurin. Ita aka zaɓa ta yi karatu gaban jama'a. Lawali ya zo tun kafin a shimfiɗa tabarmi, ya zauna a sahun gaba. Ta fara. Wuri ya yi shiru, tsofaffi suna share hawaye. Shi ya kafa wa bakinta ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

Da aka tashi ya same ni a gefe. Ya rage murya. Ya ce, "Yaya, da daɗi?"

Na ce, "Da daɗi, Lawali."

"Siririya ce, ko mai kauri?"

Na buɗe baki in kwatanta masa, na rasa ta inda zan fara. Ya jira, ya jira. Sai ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, ya je ya taya su naɗe tabarmi.

To Ilu, ka ji. Kiɗa dai yi abinka, ban hana ka ba. Amma in kun gama, ka zauna a jira kaya su huce, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Burtalin Gidan Baushe kuma kada in ji ka bi shi kai kaɗai, ko da rana tsaka. In wani ya tare ka a hanya ya ce akwai nasa a cikin kayanka, sauka ka buɗe masa duka.

Habsi, tashi ki rufe ƙofar zaure. Ki yi bismillah kafin ki saka sakata. Ilu, raka ta.